Ruwan Tukunyar Jirgin Gwadabe

Rana ta gangara ta bayan ganuwa, unguwar Jakara ta cika da hayaƙin murhu da kukan awaki masu dawowa gida. A gidan Gwadabe maƙerin fari komai yana tafiya yadda ya saba. Matarsa Ma'u tana madafi tana tuƙa tuwo. Mahaifiyarsa, Iya 'Yardada, tana kan tabarma tana jan carbi da hannu ɗaya, tana korar kaji da ɗayan. Shi kuwa maigidan, da gemunsa da furfurarsa, yana durƙushe a ɗakin baya yana wasa da jirgin ƙasa.

Wasa ne mana, ko da yake in ka faɗi haka a gabansa kun ɓata ke nan. Da ƙuruciyarsa Gwadabe ya yi aiki a Loko, inda ake wanke kawunan jirage ana gyara su, yana goge ƙarfe yana miƙa sufana. Da mahaifinsa ya rasu aka dawo da shi rumfar gado a Kasuwar Kurmi, ya koma yanka garwar kananzir yana ƙera fitilu da mazurarai. Gangar jikinsa ce ta dawo cikin gari, zuciyar tana can tasha. Shekara da shekaru, duk guntun gwangwanin da ya ragu a rumfa sai ya jefa aljihu, har ɗakin baya ya cika.

Layin dogon da gefen garwa ya lanƙwasa shi, ya shimfiɗa a kan 'yan itatuwan da ya fere daga akwatin sabulu, ya bi tsakaninsu da tankaɗaɗɗiyar tsakuwa. Ya gina tashar Kano da yumɓu, ya yi mata rufin kwano. Ya haƙa ɗan kwari a tsakiyar ɗaki, ya ɗora masa gada, ya ce gadar Challawa ce. Zariya tana can ƙurya, kusa da inda ɓeraye ke shigowa. Taragu kuwa ga na mutane, ga na shanu, ga na gyaɗa. Amma kan jirgin shi ne abin tinƙahonsa. Tukunyarsa tankin tsohon risho ne na tagulla, ana kunna mata lagwani daga ƙasa, ruwa ya tafasa, tururi ya tura ƙafafu. Har usur yake busawa.

Ma'u ta daɗe da sallamawa. Iya kan ce ita dai namiji ta haifa, reluwe ta mayar mata da shi yaro. Mutum ɗaya ne a gidan yake ɗaukar abin da gaske, wato Kulu, autarsa, yarinyar da ba ta daɗe da fara ɗaura kallabi ba. Ita ta ɗinka 'yan buhuna ta ɗura musu gero, ta jera dalar gyaɗa a gefen tasha. Ita ce kuma mai tuta. In ba ta ɗaga koren ƙyalle ba, uban ba ya sakin jirgi.

A yammacin nan ne kan jirgin ya fara jan dukkan taragun, ya hau gada bai tuntsure ba, ya kai Zariya ya kewayo. Kulu ta yi tsalle tana tafi. Gwadabe ya ce a sake. Aka sake, aka kuma sakewa, ɗaki ya yi duhu ba su lura ba, sai muryar ladan suka ji.

A Loko an koya masa wani abu da bai taɓa mantawa ba. Ba a barin ruwa ya kwana a tukunya, kuma da zafinsa ake fitar da shi, don ya wanko dattin da ke toshe bututu. A gida kuma an koya masa wani abin tun kafin ya san akwai Loko a duniya. Ba a zuba ruwan zafi a ƙasa sai an sirka, sai an yi bismillah, balle da magariba, balle a bakin rariya, inda waɗanda ba a gani suke zama da 'ya'yansu. Kullum da kasko yake raba wannan gardama, ya juye ruwan tukunyar a cikin na sanyi. Ran nan kaskon ba ya nan, an ɗauka an jiƙa wanki. Ga shi ana shirin tayar da salla.

Ya naɗe hannu da tsumma, ya ɗauki kan jirgin, ya zaga bayan ɗaki inda rariya ta huda katanga. Kulu tana biye da shi. Ya murɗe marufi ya juye.

"Baba, bismil..."

Ba ta ƙarasa ba, ruwan ya riga ya sauka. Tururi ya tashi, kuma daga cikin tururin wata ƙara ta fito, siririya, gajera, irin ta yaron da aka taka wa ƙafa. Daga nan sai shiru. Kajin da ke neman wurin kwana suka daina motsi.

Uba da 'ya suka dubi juna.

"Tururi ne," in ji Gwadabe. "Haka yake yi in ya taɓa ƙasa mai sanyi."

Shi kansa ya san ba haka yake yi ba. Ya mayar da kan jirgin tasha, ya ja ƙofa ya datse kwaɗo, ya tafi masallaci ya yi sallar da bai san me liman ya karanta a cikinta ba.

Washegari da magariba aka fara jifa. Ba manyan duwatsu ba ne, tsakuwa ce ƙanana, tana sauka ɗaya bayan ɗaya a tsakar gida, a kan tabarmar Iya, a cikin randa, a cikin malmalar tuwo. Ma'u ta leƙa waje da muciya a hannu don ta ga 'ya'yan wane ne, ta tarar da lungu fayau, ba kowa. Gwadabe ya sunkuya ya tsinci guda ɗaya, ya juya ta a tafin hannunsa. Da hannunsa ya tankaɗe ta. Tsakuwar layin dogonsa ce, ga ɗakin a kulle, ga makulli a aljihunsa.

"Yaran unguwa ne," in ji shi, ya jefa ta a aljihu.

Daga ranar gidan ya san lokacin tsoronsa. Da rana lafiya ƙalau. Amma da zarar inuwar katanga ta rufe tsakar gida, sai kowa ya fara sassauta murya. Sai a ji taragu suna gangarawa a hankali a cikin ɗakin da ke kulle, su tsaya, su sake motsawa. Sai a ji kukan yaro daga gindin katangar baya, ba mai ƙarfi ba, kukan wanda ya gaji da kuka. A ƙarƙashinsa kuma akwai muryar mace tana rarrashi, ba a jin kalmominta. In aka kira lisha sai komai ya ɗauke, amma ba mai iya cin abinci da daɗi.

Ana cikin haka, wata magariba Kulu ta ɗauko buta za ta kai wa ubanta. Tana tsakiyar gida ta tsaya cik. Butar ta suɓuce. Ta kwarara ihu, ta zube ƙasa tana riƙe da ƙafafunta. Da aka kawo fitila aka haska, sai ga tafin ƙafafun sun yi bororo, sun saɓule, kamar an tsoma su a tafasasshen ruwa. Babu wuta kusa da ita, babu tukunya.

Aka shafa zuma, aka shafa man kaɗanya, aka naɗe da tsumma mai tsabta. Da rana tana kwance shiru, idonta a kan rufin ɗaki, ba ta ko neman ruwa sai an ba ta. Da magariba sai ta tashi zaune, ta haɗa hannuwa a ƙirji kamar mai riƙe da jariri, ta yi ta jijjiga tana gunji da wata murya mai kauri wadda ba tata ba. In uwarta ta taɓa ta, sai ta juyo ta dube ta da idon baƙo.

Iya 'Yardada ba ta tsaya dogon bincike ba. Ta tara su a ƙofar ɗaki.

"An ƙona musu ɗa," in ji ta. "Na taɓa ganin irin wannan a gidanmu ina yarinya. Wani ya zuba ruwan zafi a gidan nan." Ta juya ta kafe Ma'u da ido. "Wa ke riƙe da tukunya a gidan nan in ba ke ba?"

"Wallahi Iya ban taɓa zubarwa ban sirka ba."

"Ke da kullum kina cikin sauri? Tuna dai. 'Yarki ce a kwance."

Gwadabe yana tsaye a wurin. Saura kaɗan ya ce shi ne. Amma ya san uwarsa. In ta ji daga inda ruwan ya fito, kafin gari ya waye an yashe ɗakin baya, tashar Kano ta koma ƙura, kan jirgin kuma ya sha taɓarya. Ya ce a ransa bari yarinyar ta ɗan samu sauƙi tukuna. Ya ce gobe zai faɗa, in hankali ya kwanta. Babu uzurin da za a nema masa a nan. Ba tsoron aljanu ne ya rufe masa baki ba, ba kuma kunyar uwa ba. Gwangwani yake jin tausayi.

Goben ta zo ta wuce, wata ma ta zo. Iya ta daina cin abincin Ma'u. Maƙwabta suka ji, mata suka riƙa shigowa dubiya suna kallon Ma'u ta gefen ido. Ita kuwa tun tana rantsuwa har ta daina. Ta rame, ta koma yin azumi, ta kwana zaune da ƙafafun 'yarta a cinyarta.

Wata safiya ta kawo masa koko a zaure, ta durƙusa, ba ta tashi ba.

"Malam, na yi ta tunani. Akwai ranar da na dafa rogo na tsiyaye ruwan a bayan madafi. Na san na sirka, amma bismillah ɗin ce na kasa tunawa." Hawaye suka zubo mata. "Wataƙila ni ce. Wataƙila ni na nakasa 'yata."

Gwadabe ya dubi kokon, bai dube ta ba.

"Ki bar wa Allah," in ji shi.

Ya tsani kansa a wannan safiya, tsana mai tsanani, amma duk da haka ya tashi ya tafi kasuwa.

Ya gwada gyara abin a ɓoye. Yakan faki ido da yamma ya zaga bayan ɗaki, ya zuba ruwan sanyi a bakin rariya, ya yi bismillah sau ba adadi, ya sunkuya yana raɗa, "Ku yi haƙuri, ban sani ba, ban gan shi ba." Rannan har nono ya saya ya ajiye a 'yar ƙwarya. Da ya juya zai tafi, ƙwaryar ta zo ta bugi bayansa, nonon ya jiƙa masa riga. Ya ce wa Ma'u karo ya yi da mai tallar fura.

Sau ɗaya ya buɗe ɗakin. Taragun ba sa inda ya bar su, an jera su a kan gada. Dalar gyaɗar Kulu ta rushe. Ya tsaya yana kallo. Can ya farga ya ga kansa durƙushe da 'yar kwalbar mai a hannu, yana ɗiga wa ƙafafun kan jirgin don kada su yi tsatsa, alhali daga ɗaya ɗakin yana jin nishin 'yarsa. Ya ajiye kwalbar a hankali ya fita.

Ƙunar ba ta tsaya a tafin ƙafa ba. Ta hau idon sawu, ta kama ƙwauri. Kowace magariba sai an sami sabon bororo sama da na jiya. Ranar da ta doshi gwiwa, Iya ta ce, "Je ka Ƙofar Dawanau ka ɗauko Malam Maharazu. In ya ce ba ya fita, ka ce 'Yardada ce ta aiko."

Malam Maharazu tsoho ne ɗan ƙanƙani, mai maganar ƙasa-ƙasa, wanda aka sani da karatu da kuma sanin yadda ake magana da mutanen ɓoye. Bai zo da tarkace ba, daga carbi sai 'yar buta. Ya yi magariba a zauren gidan, sannan ya shigo ya tsaya a tsakar gida yana sauraro. Tsakuwa ta faɗo a gabansa. Ya dube ta, ya dubi ɗakin baya, ya dubi Gwadabe.

Aka fito da Kulu aka zaunar a kan tabarma. Ma'u ta riƙe ta ta baya. Iya ta zauna gefe. Gwadabe ya tsaya jikin katanga, inda hasken fitila bai kai ba. Malam ya zauna gaban yarinyar, ya fara karatu a hankali, ba ya ɗaga murya, ba ya sauri. Gari ya yi tsit, ko kuka daga gindin katanga babu. Karatun ya yi nisa kafin yarinyar ta fara rawar jiki. Ta sandare, ta sunkuyar da kai, sannan ta ɗago.

"Ya isa, Malam. Ba kurma ba ce ni."

Muryar babbar mace ce, ta dishe da kuka. Ma'u ta runtse ido, amma ba ta saki 'yarta ba.

"Salamu alaikum, baiwar Allah," in ji Malam.

"Wa alaikumus salam."

"To, ashe Musulma ce. Me ya kawo ki jikin yarinyar mutane?"

"Ni aka zo wa, ban zo wa kowa ba. Muna wurin nan tun kafin kakan maigidan ya kafa tubalin farko. Ba mu taɓa taɓa musu ko kaza ba. Ɗana ƙarami ne. Abin nan mai kuka da hayaƙi shi ya ja shi. Kullum sai ya laɓe a bakin rariya yana leƙe ta tsagar bango, ina hana shi ba ya ji. Yana zaune a wurin aka sheƙa masa tafasasshen ruwa a ƙafafu. Ko sunan Allah ba a ambata ba, balle ya kauce."

Iya ta nuna Ma'u da carbi. "Ga ta nan, ta amsa laifinta. A yi mata afuwa."

Kan yarinyar ya juya a hankali wajen tsohuwar.

"Wannan? Wannan matar tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa zubar da ko ruwan wanke hannu ba ta ambaci Allah ba. Muna jin ta. Ranar rogon ma ta faɗa, har sau biyu. Ku tambayi mai jirgi."

Ma'u ta buɗe ido. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi salati ba, ta dai nemo mijinta a cikin duhu ta dube shi. Gwadabe ya tako cikin haske ya durƙusa.

"Ni ne," in ji shi. "Ruwan tukunyar jirgi ne. Ni na zuba."

"Gwadabe!" in ji Iya.

Malam bai juya ba. "Kin ji ya amsa. To yarinya fa, me ta yi miki? Allah bai ɗora wa wani laifin wani ba, kin sani."

"Na sani. Yarinyar ma ita ce ta so ta ambaci Allah, ruwan ya riga ta. Amma ni uwa ce, Malam. Na ce in na ƙona shi, zai warke ya ce ya biya. Bari in taɓa inda zai ji abin da na ji. Na kama tafin ƙafarta, na ce yau zai fito tsakar gida ya faɗi gaskiya, ya nemi gafara a gaban mutanensa, in sake ta. Bai fito ba. Na hau idon sawu, bai fito ba. Sai raɗa yake zuwa yi mini a bayan ɗaki da ƙwaryar nono, kamar mai ba kyanwa. Ina kallo ya shiga yana shafa wa ƙarfensa mai. Sai na gane na yi kuskure. Na ɗauka wannan ce 'yarsa. Ashe ɗansa yana cikin ɗaki a kulle."

Gwadabe ya kifa goshi a ƙasa. Kukan da ya fito masa ba na manya ba ne.

"Ki ɗauki ƙafafuna," yake cewa. "Ki ɗauki hannun da ya zuba. Ki sake ta."

"Yanzu ka sami baki?"

"Ba za a ɗauki ƙafar kowa ba," in ji Malam. "Zuba ruwan kuskure ne, ba da gangan ya nufi ɗanki ba. Kuskure diyya ake biya, ba ramuwa ba. Abin da ya yi bayan nan kuwa tsakaninsa da iyalinsa ne da Ubangijinsa. Faɗi abin da za a ba ki."

"A yanka mini baƙin bunsuru a bakin rariya."

"Ba a yanka don kowa sai don Allah. Kin ce ke Musulma ce. Sake faɗa."

Hannuwan yarinyar suka haɗu a ƙirji, ta fara jijjiga a hankali. Da muryar ta dawo, faɗan ya fita daga cikinta, saura gajiya.

"Ɗana ba ya takawa yanzu. Yana kwance, ba ya cin abinci. Ba abin da yake yi sai kwaikwayon kukan abin nan da bakinsa. Ni na tsani abin, shi kuwa shi yake nema. Da magariba nakan ɗauke shi in kai shi ɗakin in tura masa taragun, amma kan jirgin ba ya tashi." Ta numfasa. "A ba shi. Kan da taragun duka. Mai jirgi ya ɗauka da kansa ya kai bakin kududdufin da ke bayan unguwa, ya ajiye, kada ya waiwaya. Can za mu koma, na gaji da gidan nan. Kuma hannunsa kada ya sake ƙera wani har ya mutu."

Malam ya juyo ya dubi Gwadabe. "Ka ji. Ba sadaka ba ce, ba bauta ba ce, haƙƙin wanda ka raunata ne. Ka yarda?"

"Na yarda."

Ko a wannan lokacin, sai da wani abu ya tsinke masa a ƙirji saboda jirgin. Ya ji shi sarai, ya kuma ji kunyar jin sa.

"To ki fita tukuna," in ji Malam. "Ni ne lamuni. Ki rantse da wanda ya halicce mu ya halicce ku, ba za ki dawo mata ba, ke da naki."

Ta rantse. Malam ya kama ɗan yatsan ƙafar yarinyar ta saman tsumma, ya ci gaba da karatu. Jikin Kulu ya miƙe, ya yi karkarwa, ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sake yi, sannan ta sulale a jikin uwarta kamar wanki. Wata iska mai ɗumi ta bi ta tsakar gida ta nufi bayan ɗaki. Can sai wani zakara ya gyara zama a kan katanga, aka ji tallar ƙosai daga lungu. Malam ya ce a bar ta ta yi barci.

Gwadabe ya buɗe ɗakin baya. Ya kwashe taragun ɗaya bayan ɗaya ya jera a kwando, ya ɗora kan jirgin a sama, ya naɗe layin dogon ya cusa a gefe, don bai ga amfanin jirgi ba hanya ba. Ya ɗauka a ka. Masu fitowa daga sallar lisha suka ga dattijo da kwandon gwangwani yana tafe yana sharar hawaye, suka ba shi hanya. A bakin kududdufi ya sauke, ya yi bismillah da ƙarfi, ya juya. Bai yi nisa ba ya ji usur a bayansa, siriri, daga tukunyar da babu ruwa babu wuta a cikinta. Sai kuma dariyar yaro. Bai waiwaya ba.

Da ya dawo Malam ya tafi. Iya ta shige ɗakinta ta saki asabari. Ma'u tana bakin ƙofar ɗakin da Kulu take, tana wanke tsummokaran ƙafa. Ya tsaya a kanta.

"Ma'u, ki yafe mini."

Ta matse tsumman, ta shanya a bakin kwano.

"Ruwan kam na yafe, Malam, kowa yana mantuwa. Sauran ban san inda zan sa shi ba tukuna." Ta matsa gefe ba ta dube shi ba. "Shiga. Ta farka, kai take tambaya."

Kulu tana kwance, fitila a gefenta. Bororon ya fara motsewa, ko da yake da gani tabon ba zai bar ƙafafun nan ba har abada. Idonta nata ne. Da ta gan shi sai ta yi ƙoƙarin tashi, ta kasa, ta yafito shi da hannu. Ya durƙusa ya kai kunnensa kusa da bakinta.

"Baba," in ji ta cikin raɗa, tana leƙen ƙofa kada uwarta ta ji. "Na ji Iya tana faɗa, ta ce an gane. Wallahi ba ni na faɗa ba. Da rana ina cikin hankalina, Inna ta yi ta tambayata, ƙafar tana cina, amma ban faɗa ba. Na san in na faɗa za a fasa mana jirgin." Ta riƙe masa hannun riga. "Yana nan ko?"

Gwadabe ya ɗora hannu a kan ƙafafun da ke naɗe da tsumma. Yarinyar tana kallonsa, tana jira.